Ƙidayar Silifas a Jirgin Shaffan

Ranar da Shaffan ya fara ganin Raufa, a kan barkono suka yi musu.

Ya kawo baƙi goma sha ɗaya cin abincin rana a tsibirinmu na Olufushi, duk sun jiƙe, rana ta gasa su sun yi jajur, suna bin sa a layi kamar 'ya'yan agwagwa. Shi ne sabon matuƙin donin Berudu, jirgin katakon nan mai rumfa da ke yawo da 'yan yawon buɗe ido daga tsibiri zuwa tsibiri. Ya leƙa tagar kicin ɗin Mamma Zulfa, wadda ke dafa wa jiragen baƙi, ya ce a zuba abincin mutum goma sha ɗaya, kada a sa yaji ko kaɗan.

Mamma Zulfa ba ta nan. 'Yarta Raufa ce a bakin murhu, tana kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To in tafasa musu ruwa kawai su sha?"

"Kokko, ki taimaka. Jiya wani ya ɗanɗana romon kifinku, sai da ya yi hawaye."

"Ni ba ƙanwarka ba ce, ka daina ce mini kokko. Kuma romo ba barkono, ai wanke-wanke ne."

Sai a lokacin ta ɗago. Shaffan ya manta adadin baƙinsa, ya ce goma sha uku, ya gyara ya ce tara. Ta yi dariya ta zuba na goma sha ɗaya, don ta riga ta ƙirga su ta taga tun suna saukowa daga jirgi.

Daga ranar, donin Berudu bai ƙara makara a Olufushi ba. Tsarin yawon ɗaya ne kullum. Ƙarfe takwas a ɗebi baƙi, kowa ya tuɓe silifas ya jefa a kwandon da ke bakin jirgi, don ba a hawa doni da takalmi. A kai su inda kunkurun teku ke kiwo, a raba musu gilashin ninƙaya da bututun numfashi. Azahar a ci abinci a wurinmu. Da la'asar a sauke su a finolu, wani dogon tudun farin yashi da ke tsakiyar teku, wanda ruwa ke haɗiyewa idan ya ciko. In an yi sa'a a ga dolfin, manyan dabbobin ruwan nan masu tsalle, a hanyar komawa, in ba a yi ba baƙi su yi ta tsaki kamar Shaffan ne ya ɓoye su. Awa ɗaya aka ware wa cin abinci, amma a hankali ta koma awa ɗaya da rabi, kuma duk tsibirin ya san dalili.

Saƙonninsu ba su da wani abin a zo a gani, sai dai su da suke yi.

"Yau na ga kunkuru shida. Babu wanda ya kai ki taurin kai."

"Ka gaishe su. Ka ci abinci kuwa, ko baƙinka ka tsaya kallo?"

"Na ci, Barkonona. Bakina har yanzu wuta yake."

"Da gangan na ƙara maka, don ka tuna da ni har finolu."

An ɗan samu tangarɗa a wata na uku. Akwai Imtiyaz, mai ba da magani a asibitin tsibiri, wanda ya daɗe yana zuwa gidan su Raufa da sunan auna jinin mahaifinta. Ƙanwarsa ce ta kawo wa Raufa wani hoto a waya: Shaffan a cikin ruwa, ya riƙe hannun wata Baturiya gam, an ɗauke su ta baya. Kwana huɗu Raufa ba ta amsa saƙo ba, ta kuma zuba masa abinci lami, ko gishiri babu. A rana ta biyar ya turo mata hoton matar ta gaba.

"Ga kishiyar taki. Shekararta sittin da takwas, jikokinta tara, ba ta iya ruwa ba. Da na sake ta da yanzu muna zaman makoki."

Raufa ta daɗe tana kallon farin gashin matar kafin ta amsa.

"Duk da haka ka riƙe ta da yawa."

Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne mahaifinta.

Keyolu Yusuf ya shekara arba'in yana shugabantar jirgin kamun kifin tuna kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma har yau keyolu ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane shugaban jirgi. Mutum ne marar yawan magana, ba ya riƙe waya, bai kuma taɓa sa takalmi ba in ba Male, babban birni, za shi ba. Babbar 'yarsa Shiuna ya aurar da ita ga wani mai aikin jirgin baƙi shekara shida da suka wuce. Mijin ya bi wani babban jirgi ya tafi, daga can ya zarce ƙasar waje, ya bar ta da goyo. Lokaci-lokaci yana kira ya ce wata mai zuwa zai dawo. Shiuna na nan a ɗakin baya tana ɗinki.

Don haka da kawun Shaffan ya zo neman izini, Keyolu bai bari ya gama shan shayi ba.

"Na ba irinku 'ya sau ɗaya. Ku masu ɗaukar baƙi hankalinku na kan wanda zai sauka gobe, wanda kuka bari a baya ba ya gabanku. Ba zan sake ba."

Imtiyaz yake so ya ba Raufa, kuma dalilinsa ɗaya ne: Imtiyaz ko jirgin Male ya hau sai ya yi amai tun daga tashi har sauka. Mutumin da teku ke wahalarwa haka, in ji Keyolu, ba inda zai je.

Raufa ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta kai masa shayi da yamma a joli, kujerar igiyar da ke ƙarƙashin bishiya, ta zauna a ƙasa.

"Bappa, ba ka taɓa ganin aikinsa ba."

"Na ga aikin mijin yayarki."

"Wannan ba shi ba ne. Ka bi shi sau ɗaya. In ka dawo ka ce a'a, wallahi ba zan ƙara ɗaga maganar ba."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, kuma ta san mahaifinta zai riƙe ta da wannan rantsuwar. Ya shanye shayinsa, sannan ya ce ranar Talata.

Ranar Talata baƙi goma sha huɗu ne. Shaffan ya goge jirgi tun asuba, ya sa sabuwar riga, ya gargaɗi Kasimbe, dattijon da ke kula da inji, kada ya yi waƙa. Bayan abincin rana baƙi suka koma jirgi, kowa ya jefa silifas a kwando. Keyolu Yusuf ya shigo a ƙarshe ƙafa ba takalmi kamar kullum, ya amsa gaisuwa da kai, ya hau saman rumfa ya zauna shi kaɗai.

Har finolu komai ya tafi daidai. Baƙi suka watsu a kan yashi suna ɗaukar hoto, wasu na tsalle, wasu na rubuta sunayensu da yatsa. Tudun dogo ne, ya lanƙwashe, tsakiyarsa ya ɗan yi tozo. Da la'asar ta yi, Keyolu ya sauko ta bayan jirgi, ya taka zuwa can ƙarshen tudun bayan tozon, don ba zai yi salla kusa da mutane masu ɗan kamfai ba. Bai gaya wa kowa ba. Shekara arba'in shi ake gaya wa.

A daidai nan wani baƙo ya taka dutsen murjani mai kaifi, tafin ƙafarsa ya tsage. Matarsa ta fasa ihu, jini ya ɓata farin yashi, sauran suka taru suna ba da shawara da harsuna huɗu. Shaffan ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ɗauki mutumin a kafaɗa zuwa jirgi. Ga hadari ya fara haɗuwa ta yamma, ga ruwa ya soma cikowa. Ya ce kowa ya hau.

Masu donin baƙi a yankinmu ba sa ƙirga mutane da takarda, takarda jiƙewa take. Kwando suke dubawa. Silifas ƙafa nawa ne a ciki, kawuna nawa ne a kan benci, in sun yi daidai a ɗaga anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a tafi. Shaffan ya ƙirga silifas, goma sha huɗu. Ya ƙirga kawuna, goma sha huɗu. Surukin da yake nema kuwa, a ransa yana saman rumfa inda ya bar shi, kuma bai yi ƙarfin halin leƙawa ya dame shi ba.

Sun yi tafiyar kusan minti ashirin da biyar, har dolfin sun fito baƙi na tafi, sai wayarsa ta yi ƙara.

"Loabi, masoyina, ka tuna wa Bappa maganinsa na bayan la'asar, yana aljihun rigarsa. Ya yi maka magana kuwa? Gabana sai faɗuwa yake."

Shaffan ya yi murmushi, ya ba Kasimbe sandar tuƙi, ya hau tsani. Saman rumfa babu kowa sai tawul ɗin wata baƙuwa.

Ya sauko ba tare da ya taka rabin tsanin ba.

"Kasimbe, ina Keyolu?"

"Ba yana sama ba?"

"Ba ya sama."

Suka kalli kwandon tare. Kasimbe ya dafe kai.

"Innalillahi. Yaro, mutumin nan ai ba ya sa takalmi."

Shaffan ya duba agogo, ya duba ruwa. Ya san finolun: nan da 'yan mintoci babu sauran yashi a waje, kuma idan ruwa ya rufe shi, igiyar ruwan da ke wucewa ta kai tana jan mutum zuwa zurfi. Hanyar da suka biyo ta zagaye duwatsun murjani, komawa ta nan da ruwa na ture su zai ci minti arba'in ko fiye. Akwai wata 'yar kafa a tsakiyar duwatsun, faɗinta bai fi doni biyu ba, wadda masunta na da ke bi. Na'urar jirgi ba ta san da ita ba. Kakansa ya taɓa ratsawa da shi sau uku yana ƙarami.

Ya juya ya gaya wa baƙi gaskiya, cewa ya bar dattijo a baya, laifinsa ne, kowa ya sa rigar ceto ya zauna a tsakiya. Wani ya fara maganar dolfin, matarsa ta zungure shi ya yi shiru.

Ya tura Kasimbe gaban jirgi, shi kuma ya miƙe tsaye a baya, ya ɗora ƙafa a kan sandar tuƙi yadda tsofaffi ke yi, don idonsa ya samu tsawo. Ya rage gudu. Inda ruwa ya yi shuɗi sosai ya bi, inda ya yi kore ya yi hattara, inda ya yi ruwan ƙasa ya kauce. Sau ɗaya cikin jirgin ya gogi dutse, wata baƙuwa ta yi salatin garinsu. Minti goma sha biyu suka yi a cikin kafar, kuma babu wanda ya ɗauki hoto.

Da suka fito, finolu babu shi. Sai mutum ɗaya tsaye a tsakiyar teku, ruwa ya kai masa ƙirji, ya kafa ƙafafu ya ba igiyar ruwa gefe, hularsa a kai, kwalbar magani a hannun da ya ɗaga sama.

Shaffan ya faɗa ruwa da igiya a ƙugu, ya kamo shi. Da aka jawo su, Keyolu ya zauna a benci yana haki, leɓunansa na rawa. Wata ta miƙa masa tawul, ya karɓa. Bai kalli Shaffan ba. Ya buɗe kwalbar ya haɗiyi maganinsa, ya ce wa Kasimbe, "Ruwan sha." Iyakar maganarsa ke nan har Olufushi.

A bakin gadar da jirage ke tsayawa mutane sun taru kamar yadda suke taruwa kowace yamma, har da Raufa da mahaifiyarta da Imtiyaz. Wani tsohon abokin Keyolu ya hango shi ya ɗaga murya.

"Yusuf, lafiya ka jiƙe haka? Ko kai ma kunkuru ka je gani?"

"Wanka na yi," in ji Keyolu, ya wuce.

Da an bar ta a nan, da ta zauna. Baƙi za su tafi ƙasarsu gobe, Kasimbe ba ya tsegumi, shi kuma tsoho ya fi son ya mutu da a ji cewa an manta da shi a kan yashi kamar buhu. Amma Shaffan ya tsaya a bakin jirgi, rigarsa na ɗiga, ya ce da ƙarfi:

"Ba wanka ya yi ba. Ni na taso na bar shi a finolu. Silifas na ƙirga, ban duba shi ba. Ruwa ya kai masa ƙirji kafin in koma."

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Keyolu ya tsaya cak, bai waiwayo ba, ya ci gaba da tafiya. Raufa ba ta yi dariya ba. Ta kalli Shaffan kallo ɗaya, ta bi mahaifinta.

Saƙonta ya zo kafin ya kai tsibirin Berudu.

"Ka bar mahaifina a cikin teku."

"Na bar shi. Ba ni da abin cewa."

"Na rantse masa in ya ce a'a na haƙura. Ka san haka?"

"Na sani, Raufa. Ki kula da shi, ki dafa masa abu mai zafi."

Kwana tara Keyolu bai fita masallacin bakin teku ba, don yara da manya sun samu abin tsokana. An ce har wani ya ajiye masa sababbin silifas a ƙofar gida. Imtiyaz ya riƙa zuwa auna jini safe da yamma, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Shaffan ya ci gaba da kawo baƙi, ya ci abincinsa a tsaye, awa ɗaya cif ya tafi. Raufa na zuba masa ba ta magana. Ta rame, shi ma haka, kuma dukansu sun ɗauka magana ta ƙare.

A rana ta goma Keyolu ya aika a kira shi. Ya same shi a joli, ya durƙusa a gabansa. Raufa na bayan ƙofa, Shiuna na riƙe da hannunta.

"Wa ya nuna maka kafar nan?"

"Kakana, Keyolu."

"Ni shekara goma sha biyar rabona da ita. Ka gogi dutse a kwana ta biyu, ka makara wurin juyawa."

"Haka ne."

Tsohon ya murza gwiwa.

"Ina tsaye a ruwan nan abu ɗaya nake ta tunani. Gaya mini, kai ka tuna da ni da kanka?"

A bayan ƙofa Raufa ta runtse ido. Kalma ɗaya ce, ya ce e, kuma babu wanda zai kama shi, a ganinta.

"A'a," in ji Shaffan. "Saƙon Raufa ne ya sa na hau sama. Da ba ta turo ba, da sai mun kusa Olufushi zan sani."

"Na san haka. Kasimbe na tambaya, sai da na matsa masa."

Keyolu ya juya ya kalli ƙofar ɗakin baya, inda keken ɗinki ya yi shiru.

"Wancan, mijin Shiuna, shekara da shekaru yana ce mana wata mai zuwa, bai taɓa cewa na yi laifi ba. Kai ka manta da ni, wannan gaskiya ne, kuma ban yafe dariyar da ka jawo mini ba tukuna. Amma na rufa maka asiri ka ƙi, yanzu na ba ka hanyar ƙarya ka ƙi. Kuma na ga yadda ka dawo." Ya gyara hula. "Ka ce wa kawunka ya zo ya ƙarasa shayinsa."

Shaffan ya kasa tashi. Sai da tsohon ya ce masa baƙinsa na jira, sannan ya miƙe, ya yi hanyar da ba ta gada ba, aka juyo da shi.

Da yamma ya samu saƙo.

"Gobe barkono biyu zan sa maka. Ka yi kuka ka biya wanda na yi."

"Ki sa uku, Barkonona."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla a ofishin alƙalin tsibiri. Donin Berudu ya zo da dangi maimakon baƙi, an yi masa ado da ganyen kwakwa, masu ganga na zaune a saman rumfa. Imtiyaz ma ya zo, ya ci abinci sosai, ya tafi da wuri. Raufa ta sa jar riga mai zaren zinariya a wuya, irin ta kakarta, tana ta kallon ƙasa kamar ba ita ce mai bakin nan ba.

Da alƙali ya tambayi waliyyi ko ya yarda, Keyolu Yusuf ya ce ya yarda. Bayan an shafa fatiha ya kamo hannun ango da na amarya ya haɗa a cikin nasa. Mutumin da ba ya doguwar magana, addu'arsa ma gajeriya ce.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kai kuma, duk inda teku ta kai ka da safe, Allah ya dawo mata da kai da yamma."

Shiuna ce ta fara cewa amin.